TALLAR GIYA DA SHAYE-SHAYEN MATASA: JAWABI GA JAMA'AR LAFIYA



Maganar da ta tara mu yau a nan Lafiya tambaya ce da iyaye da yawa suke yi: in Gwamnati ta hana tallar giya baki ɗaya, shin 'ya'yanmu za su rage sha har su fita hayyacinsu? Ba zan taɓa hukuncin addini ba, malamai sun fi ni saninsa. Garin nan kuwa gari ne na kowa, Musulmi da Kirista, Kambari da Alago da Eggon da Gwandara da Koro da sauran kabilu, akwai mai sha akwai wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba. Amma in direba ya bugu ya kife da mota a hanyar Akwanga ko ta Makurɗi, ba a tambayar addinin waɗanda ke ciki. Saboda haka maganar ta shafe mu duka.

ABIN DA AKE NUFI DA SHA FIYE DA KIMA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke ma'auni, watau mutum ya sha giram 60 na tsantsar barasa ko fiye a zama ɗaya. Babbar kwalbar giya irin wadda ake sayarwa a ƙasar nan tana ɗauke da kimanin giram 24. Ke nan wanda ya sha kwalba 3 a zaune ya riga ya ƙetare iyaka, ko da a wata sau ɗaya yake yi. Irin wannan sha shi ke jawo haɗarin mota, da faɗa, da dukan iyali, bayan cutar hanta da ke zuwa a hankali. A rahotonta na 2024 Hukumar ta ce mutum miliyan 2.6 ne suka mutu a duniya a shekarar 2019 ta dalilin barasa.

DOKAR DA KE AKWAI

Ba a sake tallar giya haka kawai ba a Nijeriya. Tun 1988 aka kafa hukumar kula da tallace-tallace ta APCON, wadda dokar 2022 ta sāke wa fasali ta koma ARCON. Ƙa'idarta ta taƙaita lokacin da za a yi tallar giya a rediyo da talabijin zuwa dare, ta hana sa yara a cikin tallar, ta kuma hana kafa allunan talla kusa da makarantu da asibitoci da wuraren ibada. Sai dai talla ta canja hanya. Yau tana cikin wayar da ke aljihun yaro, tana cikin wasan ƙwallo da ake kallo a gidajen kallo, tana kuma cikin garaɓasar nan ta a sha kwalba kaza a ci kyauta. Wannan ta ƙarshe ta fi muni, domin kai tsaye take kiran mutum ya ƙara a kan abin da ya yi niyya.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA GANI

Norwe ta hana tallar giya tun 1975. Faransa ta yi dokarta a 1991, ta hana tallar a talabijin, ta hana kamfanonin giya ɗaukar nauyin wasanni. Duk da haka sha har a bugu bai ɓace ba tsakanin samarin Faransa. A 2014 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara binciken da aka yi, suka ce hujjar da ke hannu ba ta isa a tabbatar cewa hana talla shi kaɗai yana rage sha ba. A ɗaya gefen kuma, bincike da yawa ya nuna yaran da suka fi ganin tallar giya sun fi saurin fara sha da wuri.

Ƙasar Lituweniya ta bi ta wata hanya. Ta ƙara harajin giya a 2017, sa'an nan a 2018 ta hana talla, ta ɗaga shekarun mai saye zuwa 20, ta rage sa'o'in sayarwa. Sha ya ragu, mace-mace ma suka ragu. Wannan ya dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce abubuwa uku ne suka fi amfani kuma suka fi araha ga gwamnati: ƙara haraji, da taƙaita talla, da rage wurare da lokutan sayarwa. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai murhu ya cika uku.

HALIN DA MUKE CIKI A NAN

Yanzu mu dawo gida. Burkutu da bammi da ogogoro ba a saba yi musu talla a rediyo ba, amma ana shansu. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. Hana talla ba zai ceci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka nan barasar leda. Abin da ke sayar da ita araha ce da sauƙin ɓoyewa. Yaron makaranta zai sa ta a aljihu, ɗan acaɓa zai tsotse ta kafin ya ɗauki fasinja, ga ta kuma da ƙarfi ninkin-ba-ninkin na giyar kwalba. Don haka ne a Disamba 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NAFDAC suka yi yarjejeniya da masu masana'antu, aka ba su shekara 5 su daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. NAFDAC ta fara aiwatarwa a Fabrairu 2024, masu masana'antu da ma'aikatansu suka koka kan asarar aiki, aka jinkirta. A Nuwamba 2025 Majalisar Dattawa ta nemi kada a ƙara wa'adi bayan ƙarshen shekarar. Kukan ma'aikata abin dubawa ne, amma ba a auna shi da ran yara.

AMSAR TAMBAYA

To, jama'a, ga amsa. Hana talla zai taimaka wajen kare yaron da bai fara ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma wanda ya riga ya saba, farashi da kusancin mai sayarwa su ke tafiyar da shi. Lalle ne a haɗa matakan.

Akwai kuma abin da ba sai an jira doka ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi su hana sayar da barasa a cikin tasha. Fasinja in ya ji warin giya a bakin direba ya sauka, ya sanar da jami'an kiyaye haɗurra. Masu kanti kada su sayar wa yaro, iyaye kuma kada su aiki yaro sayo giya. Wanda sha ya fi ƙarfinsa a kai shi asibiti, kada a tsangwame shi, gama ciwo ne kuma yana da magani.

Allah ya kiyaye mana zuriyarmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.