Kariyar Babur a Ruwan Godiya

Kariyar da babur ke zuwa da ita daga kamfani ba ta ɗaukar buhun masara biyu. Shi ya sa manomin Ruwan Godiya kan kai babur ɗinsa ƙirar Boxer wurin mai walda a ƙara wa kariyar rodi, ya ɗaure kaya da tsohuwar roba, ya nufi kasuwar Sheme ko Funtuwa. Dabara ce mai kyau, amma wasu na wuce gona da iri. In kariya ta zarce tayar baya sosai, gaban babur yakan yi sakayau, a gargada sai ya ɗaga, birkin gaba ya ƙi kamawa. Malam mai walda, ka sa tokara daga ƙasa, kuma kada ka rufe fitilar baya.