Jawabin Malamin Gona: A Ƙirga Buhu Kafin A Tafi Kasuwa

Ni yaro ne a cikinku, ku yi haƙuri ku ji saƙon da na kawo.

Kun sha ganin waɗansu malamai suna zuwa ƙauye da takarda da alƙalami suna tambaya. Mutum nawa kake ci da su? Kar nawa ka noma? Buhu nawa ka samu, a wane wata ka sayar? Da yawa cikinku sukan ɓoye gaskiya, suna tsammani maganar haraji ce. To, ku kwantar da hankalinku, masu bincike ne.

Tun zamanin kamfanin CFDT, har Sodecoton ta gaje shi a nan Kamaru cikin 1974, aikin malamin gona shi ne ya ce a yi shuka a layi, a zuba taki, a yi feshi. Ba mai tambayar abin da ke cikin rumbu. Daga 1998 ne ma'aikatan bincike na IRAD da na shirin PRASAC suka riƙa zama da manoma a ƙauyukan wajen Garwa da Marwa, suna lissafin gida tare da su. Abin da aka gani shi ne, akwai gidaje da yawa da ke noma abin da zai kusa isarsu, amma kuma su ji yunwa da damina.

Ga yadda abin ke faruwa. Da kaka mutum ya ga rumbu cike, kuɗin auduga bai fito ba tukuna, ga biki ga kuɗin makaranta. Sai ya kai masara kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, ya sayar da araha. Watan Yuli da Agusta rumbu ya ƙare, ya koma wurin ɗan kasuwan nan ya saya da tsada. In ba kuɗi, sai ya sayar da takin da ya karɓa bashi, ko ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa audugar kuwa ciyawa na cinta. Ran awo kilo ya kasa, bashi yana nan bai ragu ba. Asarar auduga ke nan, amma daga rumbu ta faro.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Kowane mai gida ya sami littafi, ko na 'yan makaranta ya isa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa. Ka ƙirga bakin da ke ci a gidanka. Mu kan yi lissafin buhu 2 na kilo 100 ga mutum guda a shekara. Watau mai mutum 8 yana bukatar buhu 16. Ka fid da zakka, ka ware iri, ka ƙara na baƙi, gama ba gidan da ba ya yin baƙo. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne na sayarwa. Mai jiran masakwa kada ya sa ta cikin lissafi sai ta shiga rumbu. Ka yi shawara da matan gida kuma, su ke auna tsaba kullum, sun fi ka sanin inda take tafiya.

Sa'an nan ka rubuta bashin da ka ɗauka, taki da magani, ka duba kilo nawa na auduga zai biya shi. Wannan ba wuya, tun da akan faɗi farashi kafin shuka. In ka ga kar 4 ya fi ƙarfin hannuwan gidanka, ka noma 2 ka gyara su sosai. Ni a ganina ƙaramar gona mai tsabta ta fi babba mai ciyawa kawo kuɗi.

Saura maganar kai auduga waje. Kun tuna kakar 2010 zuwa 2011, da auduga ta yi tsada ƙwarai a duniya, 'yan kasuwa suka riƙa sayenta suna ƙetarewa da ita Nijeriya, kuɗi hannu. Ban ga laifin mai son kuɗinsa da wuri ba, jiran biya akwai ciwo. Amma ku lura, bashin nan kun tsaya wa juna a kansa. Wanda ya ɗauki tasa da dare ya kai bakin iyaka, daga kuɗin maƙwabcinsa za a yanke. Ƙungiyar da ba ta biya ba kuwa, sai ta rasa taki baɗi. Farashin nan ma bai daɗe ba ya faɗi.

Ran taro mai zuwa kowa ya zo da littafinsa. Wanda ba ya son a ji adadin buhunansa a bainar jama'a, ya gaya mini in same shi a gida bayan la'asar.