Jawabi Kan Ƙwayar Barci A Taron Ƙungiya, Sabo Ibadan

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, Allah Ya saka da alheri da kuka ba ni wannan dama.

Maganar da zan yi a kan ƙwayar nan ce da yara ke kira D5. Sunanta na asibiti diyazefam, kamfanin Roche ya fito da ita a 1963 da sunan Valium. Tana da 'yan'uwa irin su Lexotan da Rohypnol, duk dangi ɗaya ne. Aikinsu shi ne su ƙara ƙarfin wani sinadari da Allah Ya halitta a ƙwaƙwalwa mai kwantar da jijiyoyi. Shi ya sa likita ke yi wa mai jijjiga allurarta, ko ya rubuta wa wanda fargaba ta hana sukuni. Magani ne na gaske, kada wani ya ce na ce haram ne.

To amma fa likitoci ba sa son a wuce mako 2 zuwa 4 ana sha. In aka zarce, jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ba ta isa sai biyu. Mu kuwa me muke yi? Mutum ya wuni yana cin goro, da dare ya sha shayi mai kauri, barci ya ƙi zuwa, sai ya aiki yaro kemis. Alhali doka ba ta yarda a sayar da ita ba sai da takardar likita.

Direbobinmu masu hanyar Arewa, ku ji da kyau. Diyazefam tana daɗewa a jiki. Wanda ya sha jiya da dare, yau da hantsi tana nan tare da shi a kan sitiyari, ga fasinja, ga dukiyar mutane a baya. Tsofaffi kuma jiri take sa su, a tashi alwalar Asuba a faɗi a karye.

Mafi muni shi ne haɗa ta da giya, ko tiramadol, ko kodin ɗin da gwamnati ta hana a maganin tari a 2018. Numfashi ne ke raguwa, yaro ya kwanta ana cewa barci yake yi. In kun ga ana tashinsa ba ya tashi, ku kwantar da shi a gefensa, a nemi mota sai asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe.

Iyaye, in kun gano ɗanku ya daɗe a kanta, kada ku ƙwace ku kulle shi a ɗaki. Yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga, har a rasa rai. A hankali likita ke rage masa, wani lokaci sai an yi watanni. Ga UCH nan kusa da mu, ga asibitin Aro a Abeokuta. Ku tafi da fakitin ƙwayar a hannu don likita ya ga irinta da ƙarfinta.