Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Ɗaukaka Ƙarar Diyyar Ciwo

Mutanen Tudun Murtala da yawa suna ƙwadago a masana'antun Bompai, waɗansu kuwa ƙurar wurin aiki takan bar su da ciwon ƙirji wanda ba ya rabuwa da mutum. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba irin wannan majiyyaci ikon neman diyya daga hukumar NSITF, wadda doka ta ɗora wa masu masana'antu su riƙa zuba mata kuɗi daga aljihunsu.

To, in hukumar ta hana shi, magana ba ta ƙare ba. Yana da kwana 180 daga ranar hukuncin ya rubuta mata ta sake dubawa. In kwanakin suka wuce, hakkinsa na ƙara ya faɗi. In ta sake ƙi, sai ya nufi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Majiyyaci ba shi da ƙarfin zirga-zirga, kwanaki kuwa ba su jiran kowa. Saboda haka wajibi ne malamin hakimi ya rubuta masa takardar da wuri, ya sa kwanan wata, ya haɗa da shaidar likita, ya ajiye kwafi. Mai unguwa kuma ya riƙa bin sawu har amsa ta fito. Wassalam.