Saya, Riƙe, Sayar: Me Shawarar Masu Nazarin Hannun Jari Ke Nufi?

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Tudun Wada, Kaduna)



Maƙasudin jawabinmu a yau shi ne mu warware ma'anar kalmomi uku da masu nazarin kasuwar hannun jari kan liƙa wa kamfanoni, watau "saya", "riƙe" da "sayar". Da yawa daga cikinmu mun fara karɓar albashi, wasunmu kuma suna dab da farawa. Ɗan abin da muka tara da gumi bai kamata ya salwanta saboda kalma guda da ba mu fahimta ba.

Wannan harka ba baƙuwa ba ce a garin nan. An kafa kasuwar hannun jari a Ikko a 1960, ta fara ciniki a 1961, kuma reshenta na farko a Arewa a nan Kaduna aka buɗe shi a 1978. Dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, su suka fara jawo ma'aikatan gwamnati cikinta.

To, wane ne mai nazari? Ma'aikaci ne na kamfanin dillancin hannun jari ko na banki. Yakan duba littattafan kamfani, ribarsa da bashinsa, sa'an nan ya ƙiyasta farashin da hannun jarinsa zai kai, galibi cikin wata 12. Idan ƙiyasin ya ɗara farashin yau da rata mai yawa, sai ya ce "saya". Idan kusan ɗaya suke, ya ce "riƙe". Idan kuwa ya gaza, ya ce "sayar". Kowane kamfanin dillanci da nasa ma'aunin, don haka "saya" ta wani tana iya zama "riƙe" ta wani. Wasu ma abin da kawai suke nufi shi ne kamfanin zai fi sa'o'insa, ko da duk asara za su yi.

Mu ɗauki misali. Hannu ɗaya yana Naira 100, mai nazari ya ƙiyasta zai kai Naira 120, ya ce a saya. Ribar kashi 20 cikin ɗari ke nan, in har ƙiyasin ya tabbata. Amma a 2024 tsadar kayayyaki a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan shekara, wanda ya sami Naira 120 ɗin ba za ta saya masa abin da Naira 100 ta saya a bara ba. Mai nazari ya yi gaskiya, mai kuɗi kuma ya ci baya.

Abu na biyu shi ne mu san wanda ke biyan mai shawarar. Duk wanda ya taɓa zuwa Zango sayen rago ya san dillali ba maƙaryaci ba ne dole, amma la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki. Haka kamfanin dillanci yake. Bugu da ƙari, sau da yawa yana neman kamfanin da yake nazari a kai ya ba shi aikin sayar da sababbin hannayen jari. Wa zai kushe hajar wanda yake neman aiki a wurinsa? Shi ya sa "saya" ta fi "sayar" yawa nesa ba kusa ba, har masana ke ɗaukar "riƙe" a matsayin "sayar" ta mai kunya.

A Amurka, yawancin masu nazari sun ci gaba da yabon kamfanin Enron har dab da rushewarsa a Disamba 2001. A 2003 hukumomin ƙasar suka sa manyan kamfanoni 10 biyan kimanin dala biliyan 1.4, aka kuma wajabta musu raba sashen nazari da sashen neman aiki.

Namu darasin ya fi ciwo. Bayan an haɗe bankuna daga 89 zuwa 25 a 2005, hannun jarin banki ya zama abin yayi, har mutane na cin bashi su saya. A Maris 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da rabin haka. A Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5 a rana ɗaya. A 2011 aka soke lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shin sai mu yi watsi da masu nazari ke nan? Ko kusa. Suna da ilmi da lokacin da ba mu da shi. Sai dai amfanin aikinsu yana cikin rahoton ne, ba a kalmar da ke samansa ba. Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Mu karanta dalilan da aka bayar, da haɗarin da aka lissafa. Mu duba ranar rahoton, domin shawarar bara ba ta aiki bana. Mu gwada ra'ayin kamfanoni biyu ko uku, mu kuma tabbata suna da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar. Sa'an nan kada mu sa kuɗin haya ko na makaranta, balle na bashi, kuma kada mu zuba duka a kamfani ɗaya.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuma ya lura: "saya" ba fatawa ba ce. Tun 2012 kasuwar ta fitar da jeri na musamman na kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idojin Shari'a, sai a fara dubawa daga can.

Daga ƙarshe, mai nazari bai san albashinmu ba, bai san nauyin da ke kanmu ba, kuma in an yi asara ba zai raba ta da mu ba. Shawara tasa ce, kuɗi namu ne.

Allah ya sa mu dace, amin.