Tsofaffin Kwamfutocinmu Ba Su Mutu Ba Tukuna: Jawabi a Taron Reshe, Ƙofar Taramniya



Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har yau muna tura yaran da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Yaro ya san amsa, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Alhali a ɗakunan ajiyar makarantunmu, da cikin akwatunanmu a gida, akwai kwamfutocin tafi-da-gidanka da muka jingine don sun yi nauyi.

Nauyin nan sau da yawa daga manhaja yake. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan tsofaffin injuna. Wannan ya sa muka juya ga Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Kyauta ce, an kuma yarda kowa ya kwafe ta ya raba. Ga malamin da ke jiran albashi, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne.

Iri-iri ce. Mu dai mun fi natsuwa da Linux Mint mai fuskar Xfce, domin tana tashi a injin da ƙwaƙwalwar aikinsa ba ta wuce gigabayit 2 ba, kuma wanda ya saba da Windows ba zai ɓata a cikinta ba. Ana ɗora ta a filashi, a kunna kwamfuta daga gare shi, a gwada sauti da intanet kafin a goge komai. Tana zuwa da LibreOffice na buga takardun jarrabawa da lissafin maki. Abin da ya fi faranta wa malaman Hausa rai shi ne, a cikinta akwai tsarin madannai na Hausa: ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da lanƙwasarsu, ba sai an bi da biro ba. Idan aka ƙara Kiwix, yara za su karanta Wikipedia ko babu data.

Sai dai mu faɗi gaskiya: Linux ba ta tayar da mataccen batir, ba ta kuma share ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ga zafin Sakkwato a watan Afrilu. Wannan aikin mai gyara ne. Injin da ya tsufa ƙwarai, mai tsarin 32-bit, Mint ta yanzu ba ta hawansa. AntiX za a sa masa. Wasu firintoci ma sai an lallaɓa.

Roƙonmu shi ne kowace makaranta ta ƙirga abin da ke ajiye, da izinin shugabanta a rubuce, tunda kayan gwamnati ne. Mai kawo tasa ya fara kwashe takardunsa da hotunansa a filashi, domin girkawa tana share komai. A zo da caja.