Jawabi a Taron Ƙungiya Kan Filayen Bayan Gari

Shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan'uwana Hausawan Jimeta da Yola.

Tun da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976 gari yake cin gonaki. Ku dubi Jambutu da Bachure, gidaje ko'ina. Mu kuwa baƙi, yawancinmu a gaban jauro muka sayi fili, da shaidu biyu da goro.

To, a saurara da kyau. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. In za a yi hanya ko makaranta yana da ikon karɓa, diyya kuwa ta gini ce da shuka da itatuwa. Ƙasar kanta, ko kwabo. Ni ɗin nan shekara tara na bar fegina ba ko tubali; ran da 'yan safiyo suka kafa duwatsu, takardar jauro kaɗai gare ni. Haka na dawo gida.

Don Allah, duk mai fegi a hanyar Numan ya kawo wa sakatare takardunsa kafin taron wata mai zuwa, mu nemi takardar gwamnati tare. Kafin nan, ya dasa ko mangwaro ne.